Farantin sola a zafi da ƙura: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Ai an gwada shi tun a masana'anta, me ya kawo gwajin hamada?

A cikin ɗaki aka gwada shi, faranti na kan digiri 25, fitila na ba shi hasken wat 1000 a kowace murabba'in mita. Lambar da ke manne a bayansa daga nan ta fito. Rufin kwanonka a watan Afrilu fa? Shi ya sa masu bincike ke sake gwada faranti a fili cikin hamada.

To ba rana mai zafi ce ta fi ba da wuta ba?

A'a. Haske yake ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Duk digiri ɗaya da ya hau kan 25, yana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Da azahar yakan kai 65. Yi lissafin da kanka.

Su wa ke gwajin?

Akwai Green Energy Park a Benguerir ta Maroko, da aka buɗe a 2017, inda IRESEN, cibiyar binciken makamashin rana ta Maroko, ke aiki da cibiyar bincike ta Fraunhofer ta Jamus. Akwai filin gwajin QEERI, cibiyar binciken muhalli da makamashi ta Qatar, a Doha. A hamadar Atakama ta Chile ma ana yi, tare da Faransawa da Jamusawa. Turawa na da na'urorin awo, amma ba su da irin wannan rana da ƙura, dole su nemi masu ita.

Sau nawa zan wanke nawa da hunturu?

Nan ne ba zan yanke maka rana ba, malam. Yadda masu binciken ke yi, sukan jera faranti biyu iri ɗaya, a riƙa goge ɗaya, a ƙyale ɗaya, a kwatanta wutarsu. A Doha wanda aka ƙyale yana asarar kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kullum. Sai dai ƙurar Doha daban, hazon da ke taso mana daga Bodele ta Chadi daban. Gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta, ko kusa da injin niƙa, shi ma nasa daban. Inda raɓa ke sauka da asuba abin ya fi muni, don tana jiƙa ƙurar, rana ta busar da ita ta kame kamar yaɓe, iska ba ta ɗauke ta. Wataƙila mako-mako ya ishe ka, wataƙila bai isa ba. Duba abin da inbata, na'urar da ke juya wutar faranti zuwa wutar gida, ke nunawa da tsakar rana kafin wanki da bayansa. In bambancin babba ne, ka matso da wankin. Ka yi da sassafe, da tsumma mai laushi. In ruwan burtsatsenku na da zartsi, zai bar farin tabo. Kuma don Allah a daina sa yara su kankare gilashi da tsintsiya.

Kashin tsuntsu ɗan guda ɗaya ma matsala ne?

Eh. Wurin da ya rufe zafi yake ɗauka. Goge shi yau.

Mai shago ya ce nasa "na sahara" ne.

Ce ya nuna maka takardar farantin. Nemi shaidar IEC 61215, wato gwajin ingancin faranti na ƙasa da ƙasa, ka duba kashi nawa yake asara a kowane digiri. In ya fara kame-kame, wuce shago na gaba.