Waiwaye: Cocin Kilpeck da sassaƙar da ta ƙi lalacewa

A yammacin Ingila, cikin gundumar Herefordshire, akwai wani ƙauye da ake kira Kilpeck, kimanin kilomita 14 kudu maso yamma da birnin Hereford, kilomita 8 kacal daga iyakar Wales. Cocin ƙauyen ɗan ƙarami ne, babban zaurensa bai wuce mita 10 a tsawo da mita 6 a faɗi ba, kuma an gina shi wajen shekarar 1140. Duk da ƙanƙantarsa, masu nazarin gine-ginen Turai na tsakiyar zamani ba sa tsallake shi, domin sassaƙar da ke jikinsa tana nan da kaifinta, alhali wasu takwarorinta da hannu ɗaya ya sassaƙa a maƙwabta sun zagwanye. Dalilin wannan bambanci ya cancanci a bi shi daga tushe.

Wurin ya girmi ginin. A ƙarni na 6 da na 7 yankin yana cikin wata ƙaramar masarauta ta mutanen Wales mai suna Ergyng, kuma tsofaffin takardun cocin Llandaff sun ambaci wurin ibada a nan. Cocin yana ɗauke da sunan Maryamu haɗe da na wani waliyyi Dauda. Bayan da Normawa, mutanen Normandy da ke arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙidayar filaye ta 1086 ta nuna Kilpeck a hannun William fitz Norman. Ɗansa Hugh, wanda ke kula da dazuzzukan sarki a yankin, shi ake danganta ginin cocin da shi. A 1134 aka kafa wani ɗan gidan sufaye a kusa, ƙarƙashin babban gidan sufaye na Gloucester. Tsarin garin a bayyane yake har yau: tudun gidan sarauta mai ganuwa a yamma, coci a gindinsa, sai filin da gari ya zauna a gabas. Lokacin ma ba na zaman lafiya ba ne, don a shekarun ne Sarki Stephen da Matilda ke yaƙin neman gadon sarauta, amma hakan bai hana masu ƙasa a bakin iyaka zuba dukiya a gini ba.

Ginin kashi uku ne a jere, kowane ya fi na gabansa ƙanƙanta. Na farko zauren jama'a, na biyu wurin limamai, na uku kuma ɗaki mai siffar rabin da'ira a gabas inda bagadi yake. Bangon na jan dutsen yashi ne na yankin, mai kauri, da ƙananan tagogi masu kai zagayayye. A waje an bi bangon da siraran ginshiƙai shafaffu waɗanda suka ɗan fito kaɗan. Ɗakin bagadi ne kaɗai aka yi wa rufin dutse, kuma a inda bakunan rufin suka haɗu a sama an sassaƙa kawunan dabbobi huɗu masu kama da zaki, kowane yana riƙe da ƙarshen baka a bakinsa.

Duk wata baka ta asalin ginin zagayayya ce, kuma hanyar ɗaura ta ɗaya ce. Kafinta zai fara haɗa katako mai siffar rabin da'ira ya tokare shi a tsakanin ginshiƙai biyu. Kowane dutsen bakar an yanke shi da faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Magini zai jera su a kan katakon daga hagu da dama lokaci guda, don kada nauyi ya rinjayi gefe ɗaya, har a sa na tsakiya ya kulle su. Sai kwaɓin farar ƙasa ya kama kafin a sassauta katakon a hankali. Idan aka yi gaggawar cire shi, bakar takan zauna ta buɗe tsaga a ƙasan dutsen tsakiya. Kuma da yake irin wannan baka tana tura nauyinta gefe, dole bangon da ke riƙe da ita ya yi kauri, wanda shi ne dalilin ƙarancin tagogi da duhun ciki. Masassaƙi kan gama aikin kowane dutse a ƙasa kafin a ɗora shi, saboda haka kowace siffa an auna ta daidai da girman dutsenta.

Ƙofar kudu ita ce abin kallo na farko. Kowane gefenta yana da ginshiƙi biyu. Na waje macizai ne masu kauri, suna murɗe da juna, wani na haɗiye wutsiyar wani. A ginshiƙin ciki na hagu, cikin sarƙaƙƙiyar rassa, mayaƙa biyu ne a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, da huluna masu tsini da tufafi masu layi-layi kamar an tsaga su da tsinke. A kan ginshiƙin dama akwai fuskar mutum mai manyan idanu, rassa da ganye na fitowa daga bakinsa. Sama da ƙofar, a kan allon dutse mai siffar rabin wata, an sassaƙa itacen rai ɗauke da nonnan inabi. Bakunan da suka kewaye allon suna ɗauke da kawunan tsuntsaye da dodanni masu cizon gefen bakar, da mala'ika a tsakiya yana tashi, sai zobba a jere, cikinsu kifaye da tsuntsaye. Abin lura a nan shi ne zurfin yankan. Masassaƙin ya rarake bayan macizan sosai har inuwa ta zauna a ciki, kuma inuwar ce ke sa siffofin su fito ko a ranar da gari ya yi lumshi, wanda a can shi ne galibin kwanaki.

Sai duwatsun da ke tallafe da bakin rufi, waɗanda suka zagaye ginin gaba ɗaya daga waje. Asalinsu 89 ne, 85 suna nan. Aikinsu na gini ne: suna ɗauke da layin dutsen da ya fito ya raba ruwan rufi da bango. Amma kowane an ba shi fuska. Akwai kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, kunnuwan karen a zube. Akwai mai goge, da mutum biyu rungume da juna, da dabbar beyar da aka ɗaure wa baki, da kan rago, da Ɗan Rago mai ɗauke da gicciye. Akwai kuma siffar mace tsirara wadda ta fi sauran suna, irin wadda ake samu a wasu tsofaffin coci-coci na Birtaniya da Ireland. Masana sun kasu a kanta: wasu na ganin gargaɗi ne game da sha'awa, wasu na ganin kariya ce daga sharri, wasu na danganta ta da haihuwa. Lokacin da wani mai zane, G. R. Lewis, ya zana cocin ya wallafa a 1842, sai ya sauya mata kama, ya bayyana ta a matsayin wawa mai buɗaɗɗen ƙirji. Wannan kaɗai ya isa darasi ga mai bincike, tsohon zane shaida ne, amma sai an gwada shi da dutsen kansa. A bangon yamma kuma kawunan dodanni uku ne suka miƙo waje, baki a wangale, harshe a naɗe.

A ciki yanayin ya sauya. Bakar da ta raba zauren jama'a da wurin limamai tana da mutum uku a kowane gefe, ɗaya a kan ɗaya, fuskokinsu a natse. Ana gane Bitrus, almajirin Yesu, da mabuɗin da ke hannunsa. Akwai ƙaton kwanon dutse na baftisma, da wani ƙaramin mazubin ruwa mai tsarki da aka sassaƙa da hannaye biyu rungume da ciki.

Daga ina wannan salo ya fito? Masanin tarihin fasaha George Zarnecki, a tsakiyar ƙarni na 20, shi ya fito da bayanin cewa ƙungiyar masassaƙa ɗaya ce ta yi aiki a yankin, wadda ake kira makarantar Herefordshire. Hannunsu ya bayyana a kwanonin baftisma na Eardisley da Castle Frome, da allunan ƙofa na Brinsop da Stretton Sugwas. Tarihin gidan sufaye na Wigmore ya nuna cewa Oliver de Merlimond, wakilin Hugh de Mortimer, wani babban mai ƙasa a yankin, ya tafi ziyarar ibada Santiago de Compostela a Sifaniya, kuma shi ya gina cocin Shobdon, inda waɗannan masassaƙa suka yi aiki. Hanyar ziyarar ta ratsa yammacin Faransa, inda ake yi wa kowane dutsen baka siffarsa, ake kuma jera fuskoki a ƙarƙashin rufi. Macizan da kawunan dodannin kuwa sun fi kusa da sassaƙar katako ta mutanen Sikandinebiya. Gwanintar waɗannan masassaƙa ita ce sun narkar da abin da suka ɗebo daga wurare daban-daban ya zama nasu, har mutum ya iya gane aikinsu daga layin tufafi da kumburin idanu kaɗai.

Abin da ya tsare Kilpeck, a gaskiya, talauci ne. A ƙarni na 13 garin yana da ƙarfi: Sarki John ya sauka a gidan sarautar fiye da sau ɗaya, kuma a 1259 aka ba garin izinin cin kasuwa. Sai yunwar 1315 zuwa 1317 ta zo, annobar 1348 da 1349 ta biyo baya. Masu ƙasar suka koma zama wani wuri, gidan sarautar ya zama kufai, a 1428 aka rufe gidan sufayen. Garuruwan da suka yi arziki a waɗannan ƙarnuka sun fasa bangon cocinsu sun ƙara zaure, sun faɗaɗa tagogi, sun ɗaga hasumiya, kuma a haka aikin Normawa da yawa ya salwanta. Kilpeck ba ta da jama'ar da za ta cika cocin, balle kuɗin sake shi. Guguwar farfasa siffofi ta zamanin Sarki Edward na 6 da ta yaƙin basasar shekarun 1640 ma ba ta yi masa wata babbar illa ba. Ƙari a kan haka, dutsen da aka zaɓa mai ƙarfi ne, kuma ƙofar kudu ta daɗe a ƙarƙashin wata rumfar katako kafin a cire ta a ƙarni na 19.

Shobdon ita ce ta nuna ɗaya fuskar. A shekarun 1750 iyalin Bateman suka rushe tsohon cocin suka gina sabo, sannan suka kwashe bakunansa masu sassaƙa suka kafa su a kan tudu don ƙawata gandunsu. Duwatsun da a da ginin ke kare su suka koma shan ruwa da iska ta kowace fuska. Yau yawancin siffofin sun shafe, sai an koma ga zanen Lewis na 1852 kafin a san abin da ke wurin. Asara ce babba, kuma da hannun masu ganin suna adana kayan tarihi aka yi ta.

Ruwa shi ne babban abokin gabar dutsen yashi, kuma ta hanyoyi sanannu yake shiga. Dutsen a shimfiɗe ya samu, hawa bisa hawa. Idan magini ya kwantar da shi yadda ya kwanta a mahaƙa, yakan jure. Idan ya tsayar da shi, shimfiɗar ta fuskanci waje, sai ya riƙa ɓarewa falle-falle, fuskar sassaƙar ta fara tafiya. Ruwan da ya shige ramukan dutse idan ya daskare yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga shi daga ciki. Gishirin da damshi ke jawowa daga ƙasa yakan bushe a ƙarƙashin fatar dutsen ya mayar da ita gari. Ƙarfen da magabata suka ɗaure duwatsu da shi idan ya yi tsatsa yakan kumbura ya fasa dutsen da aka sa shi ya riƙe, don haka yanzu ake zare shi a sa ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mafi ɓarna a cikinsu shi ne gyara da siminti. Tsohon kwaɓi na farar ƙasa da yashi ya fi dutsen laushi, damshi ta cikinsa yake fita, shi yake lalacewa a madadin dutsen, kuma sauya shi abu ne mai sauƙi. Siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin damshi ya fita, sai ruwan ya koma ta jikin dutsen, gefunansa su cinye a bar layin siminti a tsaye. Wanda ya ga yadda shafen siminti ke ɓamɓarowa daga katangar ƙasa bayan damina biyu ko uku, da ƙasar da ta jiƙe a bayansa, ya san wannan ciwo.

Ƙa'idar cike tsakanin duwatsu a irin wannan gini ba ta da wuyar faɗa. A kankare tsohon kwaɓi da hannu, zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin tsagar, ba tare da injin yanka ba, don yana cin gefen dutse. A share ƙura, a jiƙa wurin. A kwaɓa kashi 1 na farar ƙasa da kashi 3 na yashi mai kaifi, a danna shi ciki sosai, hawa-hawa idan ramin mai zurfi ne. Idan ya fara ƙarfi a bubbuga fuskarsa da buroshi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki don kada ya bushe da sauri ya tsattsage. Ba a yin aikin idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 5. Ita kuwa sassaƙar, ba a wanke ta da ruwa mai ƙarfin feshi ko burushin waya, don fatar da dutse ya yi cikin ƙarnuka ita ce garkuwarsa.

An yi wa Kilpeck manyan gyare-gyare a 1864 da 1898 da 1962, kuma ɗan gidan ƙararrawar da ke kan bangon yamma aikin ƙarni na 19 ne. Sa'ar da aka yi ita ce masu gyaran ba su sake sassaƙa fuskokin don su yi sabunta ba, abin da ya faru a coci-coci da dama a zamanin Sarauniya Victoria har ya sa William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. Yau ginin yana rukuni na ɗaya a jerin gine-ginen da dokar Ingila ta kare, kuma har yanzu ana ibada a cikinsa. Ba a yin wani babban aiki a ginin sai da izinin kotun cocin yankin, sannan tun daga dokar 1955 wajibi ne ƙwararren mai duba gini ya zagaya kowane cocin ɗarikar Anglikan a Ingila sau ɗaya a shekara biyar ya rubuta rahoto. Abin da irin wannan rahoto ya fi farawa da shi shi ne rufi, da indararo, da magudanar da ke janye ruwa daga gindin bango.