Ma'anar gargaɗin ƙarya a manhajar antibairos

Gargaɗin ƙarya shi ne idan manhajar antibairos ta tsare fayil mai tsabta, ta ce yana ɗauke da cuta, alhali babu komai a cikinsa sai aikin da aka rubuta shi domin ya yi. Mutum zai sauke manhaja daga shafin kamfanin da ya ƙirƙiro ta, kafin ma ya buɗe sai saƙo ya bayyana a gefen allo cewa an gano barazana, fayil ɗin kuma ya ɓace daga inda ya sauka, an kai shi ma'ajiyar killacewa.

Tushen matsalar shi ne antibairos ba ta san niyyar kowace manhaja ba, alamomi kawai take bi. A da, aikinta shi ne kwatanta fayil da tambarin cututtukan da aka riga aka sani. Da masu rubuta mugayen manhajoji suka ƙware wajen sauya musu kama, sai kamfanonin tsaro suka ƙara da kirdado, wato duba yadda aka tsara fayil da irin halin da yake nunawa idan an kunna shi. A nan ne marar laifi yake shiga hannu, domin manhajar da take taɓa muhimman fayilolin Windows, ko take sauko da wani abu daga intanet da kanta, ko aka matse ta da UPX, wata manhajar matse fayiloli, don rage girmanta, tana yin abin da mai cutarwa ma yake yi. Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƙananan masu rubuta manhaja, kuma hakan abin damuwa ne ƙwarai: tsarin SmartScreen na Microsoft, mai yin gargaɗi kan fayilolin da aka sauke, yana la'akari da yawan waɗanda suka taɓa sauke fayil da kuma sa hannun dijital da ke kansa, wato shaidar da ke nuna wanda ya fitar da shi, ita kuwa takardar shaidar sa hannun da kuɗi ake sayenta, don haka sabuwar manhajar da mai ƙaramin ƙarfi ya rubuta takan zama abar zargi tun ranar fitowarta.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Afrilun 2010, wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki fayil ɗin svchost.exe, wanda jigo ne a Windows XP, a matsayin cuta, kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka riƙa mutuwa suna sake kunnuwa babu ƙaƙƙautawa. A 2011 kuma antibairos ta Microsoft ta riƙa cire Google Chrome bisa zaton ƙwayar Zbot ce mai satar bayanan banki.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wannan magana ta gargaɗin ƙarya ta zama abin fakewa. Shafukan da ke raba manhajojin sata sukan ce a kashe antibairos kafin a girka, wai duk gargaɗin da za a gani na ƙarya ne, kuma ta wannan ƙofa ce cuta ta gaske take shiga. A watan Maris na 2023, wasu manhajojin tsaro sun fara nuna shakku kan manhajar kiran waya ta kamfanin 3CX, mutane da yawa suka ɗauka kuskure ne, sai bayan kwanaki aka tabbatar cewa mahara sun cusa mugun abu a cikin ainihin manhajar, wadda take ɗauke da sa hannun kamfanin kansa.

Saboda haka, ba a kiran gargaɗi na ƙarya sai an bincika. A fara tabbatar da cewa daga shafin mai manhajar aka sauke ta, a kuma gwada lambar SHA-256 ta fayil ɗin, wato lambar da take sauyawa idan an taɓa abin da ke cikinsa, da wadda mai manhajar ya wallafa, idan ya wallafa. Bayan haka ana iya ɗora shi a VirusTotal, shafin da Google ya saya a 2012, wanda yake gwada fayil da manhajojin tsaro kusan 70 lokaci guda, amma kada a ɗora takardun sirri, domin masu bincike suna iya samun abin da aka ɗora. Idan ɗaya ko biyu ne kawai suka koka, kuma sunan da suka bayar na gama-gari ne irin su Generic ko Heur (wato kirdado), akwai alamar kuskure ne, ko da yake hakan ba tabbaci ba ne ga fayil ɗin da ya fito kwanan nan. Wanda ya gamsu sai ya aika wa kamfanin antibairos rahoto domin a gyara, ya kuma keɓe wannan fayil ɗin shi kaɗai daga bincike, ya bar sauran kariyar kwamfutarsa a kunne.