Masana kimiyya da bam ɗin ƙare-dangi: tambayoyin da aka yi mini a fada

A fadarmu ta unguwar Zariya, nan Maraɗi, ana jiran shayi na biyu sai wani ƙanena ɗalibin jami'a ya jefo magana: "Yaya, ku masu koyar da kimiyya a lise, ba danginku ne suka ƙera bam ɗin nukiliya ba? Yanzu kuma su ce zaman lafiya suke nema?" Daga nan tambayoyi suka ɓarke har gawayi ya mutu. Ga waɗanda na riƙe.

Ba su ne suka ƙera shi ba?

Su ne, babu musu. Bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 ya ci ran mutum kusan 140,000 kafin shekarar ta ƙare, kuma manyan masana ne suka haɗa shi a Los Alamos, cibiyar binciken bam ɗin a Amurka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗaya daga cikinsu, Joseph Rotblat, ɗan asalin Polan, ya ajiye aikin a ƙarshen 1944 da ya tabbata Jamus ba ta kai ga yin bam ba, ya koma binciken da ya shafi likitanci. Shi ne ƙarami cikin mutum 11 da suka sa hannu a takardar gargaɗi kan haɗarin makaman nukiliya ta Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Ingila, da Albert Einstein, wadda aka karanta a Landan ranar 9 ga Yuli 1955. Einstein ya sa nasa hannun kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. A 1957 masana 22, har da na Amurka da na Tarayyar Sobiyet, suka zauna a ƙauyen Pugwash na Kanada, lokacin da shugabanninsu ke ta nuna wa juna yatsa. Rotblat da ƙungiyar Pugwash da taron ya haifar suka raba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1995.

Taro da takarda sun taɓa hana wani abu?

Takarda kaɗai, a'a. Abin da ya yi aiki shi ne awo. A birnin Sen Luwis na Amurka, likitoci da masana sun roƙi iyaye su riƙa aiko da haƙoran da yaransu suka famfare, dubbai a kan dubbai. Ƙurar gwajin bam tana ɗauke da wani sinadari mai suna sitirontiyom-90. Yakan sauka kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga madara, jiki kuma ya ɗauke shi tamkar abin gina ƙashi. Da aka auna haƙoran sai ga shi yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Uwar da aka nuna wa haƙorin ɗanta ba ta buƙatar dogon wa'azi. Linus Pauling, masanin sinadarai ɗan Amurka, kuma ya kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya koke mai sa hannun masana sama da 9,000 a 1958. A 1963 Amurka da Ingila da Sobiyet suka yarda su daina gwaji a sararin sama da cikin ruwa.

Kada dai a ba masana dukkan ladan. Rikicin Kuba na 1962, da ya kusa jawo yaƙi tsakanin Amurka da Sobiyet, ya kaɗa hantar shugabannin.

To mu a Maraɗi ina ruwanmu?

Nan na ɗan yi zafi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Duk wanda ya share hazon hunturu daga kan tabarmarsa ya san daga ina iskar watan take busowa. Gwaji 17 Faransa ta yi a Aljeriya zuwa 1966, har Nijeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda haka.

Sai kuma 2003, da aka yi amfani da sunan ƙasarmu wajen neman hujjar yaƙin Iraƙi, wai Saddam ya nemi sayen uraniyom a Nijar. Masanan hukumar nukiliya ta duniya, ƙarƙashin Muhammad el-Baradei na Masar, suka duba takardun suka ce jabu ne. An yi yaƙin duk da haka, amma ƙaryar ba ta manne mana ba.

Uraniyom ɗin Arlit shi ne bam?

Da sauran tafiya. Tun 1971 ake haƙo shi a can, amma irin da ke fashewa bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari na uraniyom ɗin da ke fitowa daga ƙasa ba. Tashar lantarki kashi 3 zuwa 5 take so, bam kuwa sai an tace ya kai wajen 90. Injin tacewar iri ɗaya ne, shi ya sa ake ta rigima kan Iran.

Idan wata ƙasa ta yi gwaji a ɓoye fa?

Ƙasa tana da kunne, kuma ɗaya daga cikin kunnuwan yana Torodi, kudu maso yammacin Yamai. Akwai tashar auna girgizar ƙasa a can, cikin ɗaruruwan tashoshin da aka kafa bayan yarjejeniyar hana gwaji ta 1996. Girgizar bam da girgizar ƙasa ba sa zana layi iri ɗaya a na'ura. Gwaji shida da Koriya ta Arewa ta yi daga 2006 zuwa 2017, babu wanda ya kuɓuce wa tashoshin. Lassina Zerbo na Burkina Faso ya shugabanci hukumar da ke kula da tashoshin daga 2013 zuwa 2021. Abin haushi, yarjejeniyar kanta har yau ba ta fara aiki ba, domin wasu manya ba su tabbatar da ita ba.

Akwai wanda ya taɓa mallaka ya ajiye?

Afirka ta Kudu ta ƙera guda shida ta wargaza su, kuma shugabanta na lokacin, De Klerk, ya faɗa wa duniya a 1993. Da sunan wurin binciken nukiliyarta, Pelindaba, aka raɗa wa yarjejeniyar 1996 da ta haramta waɗannan makamai a nahiyarmu. A duniya an sauko daga kimanin 70,000 a 1986 zuwa wajen 12,000, a hannun ƙasashe tara. Yarjejeniyar haramta su gaba ɗaya ta fara aiki a Janairun 2021, kuma cikin taran nan ko ɗaya ba ta sa hannu ba.