Me ake nufi da tallan "oganik"?

Tun da masu koyar da kasuwancin intanet suka cika TikTok da rukunonin WhatsApp, kalmar "oganik" ta zama ruwan dare. A harkar talla ana nufin mutanen da suka ga hajarka ba tare da ka biya kowa kuɗin nuna musu ita ba. In ka biya Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ta kai hoton atamfarka gaban matan Kaduna 'yan shekara 25 zuwa 40, wannan tallan kuɗi ne, kuma kowa ya gane hakan.

Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake sayar wa mutane oganik a matsayin tallan kyauta. Ɗauki mai shago a Kantin Kwari. Kullum sai ya shimfiɗa shadda ya nemi haske ya ɗauki hoto, ya sayi data, ya ajiye yaron da zai amsa "nawa ne?" har tsakar dare, galibi ga waɗanda ba za su saya ba. Watanni yake yi a haka kafin ciniki ya kankama. Duk wannan kuɗi ne, Meta ce kawai ba ta karɓa ba. Kuma mabiyan da ya tara ba a hannunsa suke ba. Tun 2016 Instagram ta daina jera hotuna bisa lokacin da aka ɗora su, sannan a Janairun 2018 shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya sanar cewa Facebook za ta fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci. Saboda haka mai mabiya dubu goma kan ɗora hoto, kaɗan daga cikinsu ne za su gan shi.

Tallan kuɗi ya fi sauri, yana kuma nuna maka nawa ka kashe a kan kowane mai tambaya, amma ranar da ka daina biya, ranar yake tsayawa.

Sai kuma wanda ya biya wata fitacciyar 'yar TikTok ta sa leshinsa ta ce "ni a nan nake saya", ya dawo yana cewa tallansa oganik ne. A'a, malam. Tallan kuɗi ne aka ɓoye wa mai saye, kuma hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Najeriya ta ce irin wannan ma sai ta tantance shi kafin a sake shi.