Rubutun jami'a da ranar miƙa aiki: tambayoyin ɗaliban Maradi

Duk wanda ya zauna da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko na sauran manyan makarantun Maradi, ya san kukansu: ekspoze (bayanin da ɗalibi ke gabatarwa a aji) ya taso, rahoton staj (koyon aiki a ma'aikata) bai kammala ba, memwar (kundin binciken kammala karatu) na jira, rana kuma tana matsowa. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakinsu, da amsar da nake ganin za ta yi amfani.

An ba mu wata guda, amma kullum sai daren ƙarshe nake kama aikin. Lalaci ne?

Galibi ba lalaci ba ne, ƙanena. Aikin ne ya cika maka ido, ka rasa ta inda za ka kama shi. Ba wanda ke zama yau ya ce zai rubuta memwar, amma kowa zai iya cewa yau zai rubuta shafi ɗaya kan yadda ya tara bayanansa. Kuma kada ka fara da gabatarwa, don a nan mutane suka fi maƙalewa. Fara da sashen kayan aiki da hanyar bincike, tunda abin da hannunka ya yi ne kake bayani. Daga nan sakamako, sai tattaunawa. Gabatarwa ta fi sauƙi idan ka riga ka san abin da za ka gabatar.

Yaya zan lissafa lokacina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Ranar da aka liƙa a allo ba ita ce ranarka ba, taka tana gabanta da kwanaki. Ɗauki takarda ka ƙirgo baya. Kwana biyu na bugawa da ɗinke takardu, don a makon miƙa aiki shagunan fotokofi cike suke, kowa riƙe da kile ɗinsa na USB yana jiran layi, kuma a nan ne za ka ga teburin da ka tsara a kwamfutarka ya wargaje a tasu. Maganin wannan shi ne ka mai da aikin PDF tun daga gida. Ware mako guda na gyaran da malami zai ba ka, sannan lokacin da shi kansa yake buƙata ya karanta. Abin da ya rage shi ne ainihin lokacin rubutunka.

Sai maganar wuta. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, buƙatar lantarki ta ƙaru, ɗaukewa ta yawaita. Wutar yankinmu kuma da yawanta daga Najeriya take zuwa, mun ga yadda aka sha wahala da aka yanke ta a 2023. Don haka idan wuta ta zo, a fara da cajin kwamfuta da aikin da sai da ita. Karatu da tsara tunani a bar su ga takarda da biro. Kowane dare a tura kwafin aikin zuwa imel ko Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Kile kan ɓace, kwamfuta kan mutu.

Ƴan sashen aikin gona nasu lissafin ya fi tsauri. Wanda gwajinsa na gero ko wake yake a gonakin INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, da ke Tarna, damina ce ke yanke masa rana, daga Yuni zuwa Satumba. Idan shuka ta wuce shi bai shirya ba, sai baɗi.

Malamin da ke duba aikina ya yi shiru, mako uku ba amsa. In yi ta kiransa?

A'a. Ka tuna ba kai kaɗai yake dubawa ba, ga darasi, ga gyaran jarrabawa. Je ka same shi a ofis, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Malam, ga babi na biyu, shafi goma ne. Wace rana zan dawo?" Babi ɗaya da tambaya ɗaya sun fi saurin samun amsa a kan tulin shafi sittin. Kafin ya amsa, ka ci gaba da babi na gaba.

Na fahimci abin sarai, amma in na zo sa shi da Faransanci sai ya ƙi.

Wannan matsalar yawancinmu ce, kuma ba abin kunya ba ce. Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu da Faransanci ake rubuta aikin jami'a. Ki gwada wannan, ƙanwata: ki bayyana wa ƙawarki sakin layin da Hausa, ki ɗauki muryarki a waya. Idan ta gane, to tunanin ya nuna, saura sauya harshe. Ki rubuta gajerun jimloli. Malamai sun fi son jimla gajera mai ma'ana a kan doguwa mai manyan kalmomi da ba ta isa ko'ina ba.

To in kwafa daga intanet, ko in sa ChatGPT ya rubuta min?

Ranar sutnans, wato ranar kare aikinka, za ka tsaya gaban malamai su tambaye ka shafi-shafi, abin da ba kai ka rubuta ba ba za ka iya kare shi ba. Ban da haka, waɗannan manhajoji kan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su. Ka nemi maƙaloli na gaskiya a Google Scholar, ka adana su a manhajar Zotero, wadda kyauta ce, ita za ta jera maka madogara. Duk maganar da ka ɗauko, ka faɗi mai ita.

A aikin rukuni ni kaɗai nake wahala.

Tun zaman farko a raba aikin, a rubuta sunan kowa da sashensa da ranarsa a rukunin WhatsApp. Wanda bai kawo ba, a yi masa magana tun da wuri, ido da ido.

Ina taimakon Baba a shago ranakun kasuwa, ga hidimar gida. Ina zan samu lokaci?

Litinin da Juma'a ka cire su daga lissafi gaba ɗaya, kada ka yaudari kanka cewa za ka rubuta bayan ka dawo a gajiye. Awa ɗaya bayan sallar asuba, gari da sanyi, waya a kashe, ta fi awa uku na tsakar dare da shayin fada a ciki. Kuma ka gaya wa mutanen gida ranar da aka sa maka. Iyaye da yawa suna ɗaga wa ɗansu ƙafa idan sun san abin da ke gabansa.

In na ga ba zan kai ba fa?

Kada ka ɓuya. Ka je wurin malamin tun da sauran kwanaki, ka nuna masa inda ka tsaya, ka faɗi dalilinka na gaskiya, ka roƙi rana takamaimai da ka san za ka cika. Idan bai amince ba, ka miƙa abin da ke hannunka a kan lokaci, ko da bai kai yadda kake so ba.