Mazaɓar Asawase a Kumasi: Wane Ne Wakilinta, Kuma Mene Ne Aikinsa?

Ina Asawase take, kuma yaushe ta zama mazaɓa?

Tana cikin birnin Kumasi, a yankin Ashanti, ta kuma ƙunshi unguwanni irin su Aboabo, Sawaba, Akwatia Line da Asokore Mampong, inda mutanen zango suke da yawa kuma Hausa take da kasuwa. An ƙirƙiro ta ne gabanin zaɓen 2004, lokacin da kujerun majalisar dokokin Ghana suka tashi daga 200 zuwa 230. A yau kujerun sun kai 276.

Wa yake wakiltarta?

Dakta Gibril Adamu Mohammed na jam'iyyar NDC ne ya fara lashe kujerar, amma Allah Ya yi masa rasuwa a farkon 2005. A zaɓen cike gurbi na wannan shekara Alhaji Mohammed Muntaka Mubarak ya yi nasara, kuma tun daga lokacin shi ke riƙe da ita. Abin lura shi ne, yankin Ashanti tungar jam'iyyar NPP ce, amma Asawase ba ta taɓa barin hannun NDC ba. A 2025 Shugaba John Mahama ya naɗa Muntaka Ministan Cikin Gida, kuma wannan bai raba shi da kujerarsa ba, domin tsarin mulkin 1992 ya ce a ɗauko yawancin ministoci daga cikin 'yan majalisa.

Wa ya cancanci tsayawa takara?

Ɗan ƙasa mai rajistar zaɓe wanda ya kai shekara 21, kuma mazaunin mazaɓar ne, ko ɗan asalinta, ko ya zauna cikinta shekara 5 daga cikin 10 da suka gabata. Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba, wa'adinsa kuma shekara 4 ne.

To, idan kwata ta toshe a Aboabo, ƙofar ɗan majalisa za a buga?

A nan ne ake yawan kuskure. Aikin ɗan majalisa shi ne yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, tantance ministoci da sa ido kan yadda gwamnati take kashe dukiyar jama'a. Kwashe shara, gyaran magudanan ruwa da tsara rumfunan kasuwa kuwa suna wuyan majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong, wadda aka kafa a 2012. Shugaban ƙasa ne yake zaɓo shugabanta, mambobin majalisar ƙaramar hukumar su amince da shi da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a. Ɗan majalisa yana zama a cikinta, amma ba shi da ƙuri'a.

Gaskiya ne yana samun wani kaso daga asusun bai ɗaya na ƙananan hukumomi, wanda zai iya haƙa rijiyar burtsatse ko rufa wa makaranta kwano, sai dai kuɗin ba ya gina babban titi. Duk da haka, da sassafe za ka tarar da mutane a ƙofar gidan wakili, wannan da takardar asibiti, wancan da kuɗin makarantar ɗa, wani da katin ɗaurin aure. Taimako ba laifi ba ne, amma a ganina mazaɓa tana yin asara idan da wannan kaɗai take auna wakilinta, alhali ba a tambayarsa abin da ya faɗa ranar da aka yi muhawarar kasafin kuɗi a Accra.