Ma'anar Modernisme da Alaƙarsa da Kishin Kataloniya

Modernisme shi ne sunan salon gine-gine da zane-zane da adabi da ya bunƙasa a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, musamman birnin Barcelona, daga wajajen 1888, shekarar da birnin ya karɓi baƙuncin babban baje kolin duniya, zuwa wajajen 1911. Ya yi zamani da salon Art Nouveau na Faransa da Beljiyam, kuma sun yi tarayya wajen son lanƙwasassun layuka da siffofin furanni. A Kataloniya kuwa siyasa ta shiga cikinsa dumu-dumu.

Bayan da Barcelona ta faɗa hannun dakarun Sarki Felipe na Biyar na Sifaniya a 1714, an rushe hukumomin yankin, harshen Katalan kuma ya rasa gurbinsa a harkokin mulki. A ƙarni na 19 marubuta suka farfaɗo da harshen, masaƙu suka azurta attajirai irin su iyalan Güell, attajiran nan kuma suka nemi gine-ginen da za su shaida cewa su al'umma ce mai tarihinta, wadda ke kafaɗa da kafaɗa da sauran Turai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa wasu manyan maginan salon su ne kuma jagororin fafutukar kishin Kataloniya. Lluís Domènech i Montaner, wanda tun 1878 ya yi kira da a samar da salon gini na ƙasa, shi ya shugabanci taron garin Manresa na 1892 da ya nema wa Kataloniya cin gashin kai, kuma shi ya tsara zauren kiɗa na Palau de la Música Catalana. Wani maginin, Antoni Gaudí, ya lulluɓe rufin gidan Casa Batlló da tayil masu ƙyalli, jere bisa jere kamar bayan dodo, abin da mutane da yawa ke danganta shi da dodon da Sant Jordi, waliyyin Kataloniya, ya kashe. A 1924 'yan sanda sun tsare Gaudí saboda ya ƙi amsa musu da Sifaniyanci.

Gwamnatin Sifaniya ta fahimci saƙon sarai. Josep Puig i Cadafalch, magini wanda ya shugabanci majalisar haɗin gwiwar lardunan Kataloniya daga 1917, ya kafa ginshiƙai huɗu a tudun Montjuïc da ke Barcelona a 1919 domin wakiltar jajayen layuka huɗu na tutar yankin. Gwamnatin kama-karya ta Janar Primo de Rivera, wanda ke mulkin Sifaniya a lokacin, ta rushe su a 1928, ba a kuma sake gina su ba sai a 2010.